Inshora ta ce ba ta biyan tiyatar rage ƙiba: yadda wata baiwar Allah a Houston ta haɗa dala 17,600

Asalin lamarin

Baiwar Allahn nan 'yar Zariya ce, shekararta 43 lokacin da maganar tiyata ta taso, tana zaune a Houston ta jihar Texas tun 2009 ita da maigidanta da 'ya'ya uku. Aikinta lissafin kaya ne a wani babban kamfanin rarraba kayan masarufi mai ma'aikata dubbai, kuma ta wurin aikin nan ne duk gidan ke samun inshorar lafiya, don shi maigidan tuƙi yake yi na ƙashin kansa, babu kamfanin da zai ɗaukar masa. Duk sati biyu ana zare kuɗin inshorar daga albashinta tun kafin ya shigo akawun. Ta yarda a rubuta labarin amma ba suna, ba sunan kamfani ba na asibiti.

A watan Janairun 2022 nauyinta kilo 124 ne, tsawonta mita 1.63, wato BMI ɗinta ya kusa 47. Ga wanda bai sani ba, BMI nauyin mutum ne a kilo a raba da tsawonsa sau tsawonsa a mita. Tun 1991 cibiyar binciken lafiya ta Amurka NIH ta sa ƙa'idar cewa wanda ya kai 40, ko 35 idan yana da wata cuta da ƙibar ta jawo, ya cancanci tiyata, a 2022 ma ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauto da ƙa'idar ƙasa da haka. To ita ta wuce layin nesa ba kusa ba. Ciwon suga an gano shi tun 2018, gwajin A1c ɗinta, mai nuna matsakaicin sugan jini na wajen wata uku, 8.9, tana shan maganin hawan jini kala biyu, da daddare sai da na'urar CPAP saboda numfashinta yana ɗaukewa cikin barci, ga gwiwa, shekara biyu a kan kujera take sallah.

A gida kuwa ba kowa ke ganin abin a matsayin ciwo ba, in ta tura hoto sai a ce Hajiya hutu ya karɓe ki, Amurka ta yi daɗi. Tsakanin 2019 da 2021 babu abin da ba ta gwada ba, shayin rage tumbi da ake aiko mata daga Kano, ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe, barin shinkafa da tuwo kwata-kwata, rijistar gidan motsa jiki, azumin Litinin da Alhamis. Mafi yawan abin da ta taɓa saukewa kilo 9 ne, cikin wata bakwai ya dawo har da ƙari.

Maris zuwa Oktoba 2022: wata shida na shiri

A Maris 2022 likitarta ta yau da kullum ta tura ta wajen likitan tiyatar ƙiba. Ya duba ta ya ce wadda ta dace da ita ita ce wadda suke kira silib, ana yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a cire, a bar ɗan siriri kamar ayaba, kuma ta 'yan ƙananan huji ake yi ba a farke ciki.

Ta kira lambar da ke bayan katin inshorarta ta tambaya ko ana biyan irin wannan aiki. Wanda ya ɗauka ya karanto mata ƙa'idar kamfanin inshorar ta gaba ɗaya, cewa ana biya idan likita ya tabbatar lalura ce, bayan an yi wata shida ana ganin likita kan tsarin abinci, an ga likitan ƙwaƙwalwa, an ga masanin abinci. Ba ta nemi a rubuto mata ba, ba ta karɓi lambar kiran ba. Ofishin likitan su ma suka ce ta fara wata shidan, sa duba takardu idan lokaci ya yi.

Daga Afrilu zuwa Satumba ba ta tsallake wata ko ɗaya ba, don an gaya mata in ta tsallake daga farko za a koma. Kowane zuwa akwai ɗan kuɗin da take biya a kanta, ga hutun rabin yini da take ɗauka a wurin aiki, ga gwajin barci da aka sake, jimilla ta kashe wajen dala 900 daga aljihunta. A tsakiyar Oktoba ofishin likitan suka tura neman izini, bayan kwana tara amsa ta dawo a layi biyu: wannan aiki ba ya cikin abubuwan da tsarin inshorarki ke biya, a duba shafi kaza na kundin tsarin. Da aka buɗo kundin a shafin intanet na ma'aikata, ga shi nan a jerin abubuwan da aka cire, tiyatar rage ƙiba kowace iri, magungunan rage ƙiba, da duk wata matsala da ta biyo bayan tiyatar. Wannan na ƙarshen ba wanda ya kula da shi a lokacin.

Nuwamba 2022 zuwa Maris 2023: ɗaukaka ƙara

Takardar ta ce tana da kwana 180 ta ɗaukaka ƙara, sai ta ɗaura ɗamara. Likitarta ta rubuta wasiƙa mai shafi uku, ta jero suga da hawan jini da numfashi da gwiwa, ta haɗa sakamakon gwaje-gwaje na shekara huɗu, likitan tiyatan ma ya rubuta tasa. An tura a Nuwamba, amsa ta zo a Disamba, kuma abin haushin ba su musa ko kalma ɗaya a wasiƙun ba, cewa suka yi ba a kan lalura aka hana ba, a kan yarjejeniya ne. Ta sake turawa zagaye na biyu a Janairu, amsar ɗaya ce.

Wata ƙawarta nas ta ce mata ai akwai binciken waje, wanda likitocin da ba na kamfanin ba suke duba ƙarar kuma hukuncinsu dole a bi. Gaskiya ne akwai shi, dokar lafiya ta 2010 da ake kira Obamacare ta ƙarfafa shi, amma yana aiki ne idan gardamar ta likitanci ce, wato kamfani ya ce aikin bai zama dole ba likita ya ce ya zama. Inda aka rubuta ƙarara cewa ba a biyan abu, babu abin da likitan waje zai auna. Suka dawo mata da takardunta.

Daga nan ta kai kuka hukumar inshora ta jihar, a nan ne ta fara jin abin da ya kamata ta sani tun Maris ɗin bara. Sunan kamfanin inshorar da ke kan katinta ba shi ke biyan kuɗin asibiti ba, shi dai ɗan aike ne mai tafiyar da takardu, kuɗin daga asusun kamfanin da take wa aiki yake fita, kuma su ne suka zauna suka zaɓi abin da za a biya da wanda ba za a biya ba. Manyan kamfanoni da yawa a Amurka haka suke yi, kuma irin wannan tsari yana ƙarƙashin dokar tarayya ce ta 1974 mai suna ERISA, hukumar jiha ba ta da hurumi a kai, sai ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ita kuma abin da take dubawa shi ne ko an bi abin da aka rubuta a kundin. An bi.

A wannan tsakanin ne likitarta ta ɗora ta a kan allurar Ozempic. Wegovy da aka amince da ita don ƙiba a 2021 tana cikin abin da aka cire, farashinta a lokacin ya haura dala 1,300 a wata, amma Ozempic sinadarinsu ɗaya kuma maganin suga ce a hukumance, ita kuma tana da suga, don haka inshorar ta biya. Ta taimaka, ba za a ce ba ta taimaka ba, zuwa Yuni 2023 nauyi ya sauko kilo 116, A1c ya dawo 7.6. Sai dai tashin zuciya ya hana a ƙara mata ƙarfin allurar, ga ƙarancinta da aka yi ta fama da shi a shekarar, wani watan sai ta zaga kemis uku ba ta samu ba, nauyin kuma ya tsaya cak a 116.

Afrilu zuwa Yuni 2023: ƙofofin da aka ƙwanƙwasa

Tunda kamfaninsu ne mai wuƙa da nama, ta rubuta wa ofishin kula da ma'aikata tana roƙon a sa tiyatar cikin tsarin shekara mai zuwa ko a yi mata alfarma ita kaɗai. Sun amsa cikin mutunci, alfarmar mutum ɗaya ba sa yi, maganar shekara mai zuwa kuma za a kai gaban kwamiti. A Oktoba da kundin 2024 ya fito layin yana nan inda yake.

Ta duba sayen inshora ta kanta a kasuwar gwamnati. Nan ma jiha ce ke magana, kowace jiha tana da jerin abin da dole inshorar kasuwar ta ƙunsa, a New York da California da Illinois tiyatar ƙiba tana ciki, a Texas ba ta ciki. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, na biya tun 2006 amma na 'yan shekara 65 zuwa sama ne da masu nakasa. Canza wurin aiki shi ne hanyar da mutane da yawa ke bi kuma ta yi tunaninsa sosai, amma shekara goma sha ɗaya ta yi a wurin, albashinta da hutunta sun hau, ga yara uku a kan katin, ga wasu kamfanonin sai sabon ma'aikaci ya yi shekara kafin a buɗe masa wannan ɓangaren.

Sai maganar fita waje. Daga Texas Meksiko ce kusa, a Tijuana an ba ta farashi tsakanin dala 4,500 zuwa 6,000 har da otal da motar ɗauko ta daga iyaka. Yayanta daga gida ya kira ya ce ke ki taho Masar mana, mutanenmu can suke zuwa, ga masu tafinta ga masauki, wata kuma ta kawo maganar Turkiyya. Akwai ƙwararrun likitoci a duk ƙasashen nan kuma dubban mutane sun je sun dawo lafiya, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ya tsayar da ita uku ne a haɗe: numfashinta da ke ɗaukewa ya sa allurar barci ta fi haɗari a kanta, a 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka CDC ta yi gargaɗi kan wata ƙwayar cuta mai bijire wa magani da aka samu a jikin wasu da aka yi wa tiyata a Tijuana, yawancinsu ta rage ƙiba, sannan da ta tambayi ofishin likitanta na Houston ko za su ci gaba da duba ta in ta dawo sai suka ce ba sa karɓar aikin da ba su suka yi ba. A nan ne maigidan ya sake karanta layin nan na kundin, duk matsalar da ta biyo baya ba a biya, ya ce Hajiya in ɗinkin ya yi yoyo bayan kin dawo wa zai biya kwanan asibiti a garin nan, gidan za mu sayar?

Ofishin likitan sun miƙo mata fom ɗin katin bashin asibiti, wanda ake tallarsa da cewa ba ruwa har wata 18. Ta cike, aka amince mata da dala 6,000 kacal. Da suka karanta ƙananan rubutun sai suka ga ruwan ba yafe shi aka yi ba, ajiye shi aka yi a gefe yana taruwa, kusan kashi 30 cikin ɗari a shekara, in wata 18 ya cika da saura ko dala ɗaya a kanka sai a ɗora maka duka tun daga ranar farko. Maigidan ya ce shi ba zai sa hannu a takardar da aka rubuta riba a cikinta ba ko da ana cewa ba za a kai ga biya ba, ita ma dama zuciyarta ba ta kwanta ba. Neman taimako a intanet kuwa ita ce ta ƙi, ta ce kafin la'asar hotonta ya zaga duk guruf ɗin WhatsApp na Hausawan Amurka ya isa Zariya, a ce wance ta je bara don a rage mata ciki.

Yuli zuwa Satumba 2023: ciniki

A Yuli ta daina tambayar wa zai biya mata, ta koma tambayar nawa ne. Ta kira wurare uku tana faɗin magana ɗaya, ba ni da inshorar da ke biyan wannan, da kuɗina zan biya, ku ba ni farashi a rubuce. Tun 1 ga Janairun 2022 akwai dokar tarayya da ta tilasta wa asibiti ya ba mai biya da kansa ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin aiki, kuma in bil ɗin da ya zo daga baya ya ɗara ƙiyasin da dala 400 ko fiye, mutum yana da damar kai ƙara. Mutane da yawa ba su san da ita ba, su ma asibitocin ba kullum suke tuna maka ba sai ka ambata.

Asibitin farko, inda ta yi wata shidan nan, ya ba ta dala 27,000, kuma likitan allurar barci bil ɗinsa daban zai zo. Na biyu wata cibiyar tiyata ce ta shiga da safe ka fita da yamma, dala 11,900, ta yi murna sosai amma da suka ga takardar gwajin barcinta da BMI ɗinta na kusan 44 suka ce ba za su ɗauke ta ba, tana bukatar inda za a kwantar da ita a sa mata ido. Na uku asibiti ne da ke da shaidar MBSAQIP, wato tantancewar da ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ke yi wa cibiyoyin tiyatar ƙiba, suna da dunƙulallen farashi na masu biya da kansu, dala 17,900.

Ta zauna da matar da ke kula da kuɗi a wurin ta bi takardar layi-layi. Kuɗin likita yana ciki, allurar barci tana ciki, ɗakin tiyata, kwana ɗaya a gado, ganin likita na kwana 90, masanin abinci na shekara ɗaya. Kwana na biyu in ya kama ba ya ciki. A cikin 17,900 ɗin akwai ganin likitan ƙwaƙwalwa da gwajin barci da azuzuwan abinci, ta fito da takardunta na 2022 ta ce duk na yi waɗannan ga shaida, likitan ya duba ya karɓi gwajin barcin da azuzuwan, na ƙwaƙwalwan ya ce a sabunta a taƙaice. Ta ce kuma duka za ta biya kafin ranar aiki ba kashi-kashi ba. Farashi ya sauko 16,400.

Sai ta yi tambayar maigidan, in matsala ta taso fa. Matar ta ce akwai wata 'yar inshora ta daban da likitan ke cikin tsarinta, ana biya sau ɗaya, tana ɗaukar nauyin matsalolin da aka lissafa har kwana 90 bayan aiki, yoyon ɗinki, zubar jini, gudan jini a jijiya, ƙarancin ruwa a jiki da ya kai ga asibiti. Dala 1,200. Ƙawarta ta ce asarar kuɗi ce tunda yawancin mutane lafiya suke tashi, kuma gaskiyarta ta wannan fuskar, yoyon ɗinki ba ya yawan faruwa. Maigidan ya ce a saya. Jimilla 17,600.

Oktoba 2023 zuwa Janairu 2024: haɗa kuɗin

Likitan ya ba ta rana a Nuwamba ta ce a kai Janairu, kuma dalilin kuɗi ne zalla. A wurin aikinsu akwai asusun FSA, wanda ma'aikaci ke cewa a riƙa cire masa wani abu daga albashi kafin haraji don hidimar lafiya. Iyakar 2024 dala 3,200 ce, kuma ƙa'idar asusun ita ce duk kuɗin shekarar yana hannunka tun 1 ga Janairu ko da ba a fara cirewa ba, sai a yi ta zara a hankali har Disamba. Wato rance ne ba ruwa, ga rangwamen haraji a kai. A lokacin rijistar Nuwamba ta zaɓi iyakar. Masu asusun suka nemi takardar likita da ke nuna tiyatar magani ce ba kwalliya ba, sai ta ɗauko wasiƙar nan mai shafi uku, aka sabunta kwanan wata, suka karɓa nan take.

Tana cikin adashen mata goma sha biyu, 'yan Najeriya da Nijar da wasu 'yan zangon Gana, zubi dala 500 a wata, kwasa 6,000. Zagayen ya fara a Yuli 2023, ɗaukarta sai Mayu 2024. Ta je har gida ta sami uwar adashen ta ce Anti wata lalura ce ta asibiti ta taso mini, ko za a taimaka a matso da ni. Uwar adashen ba ta tambaye ta wace iri ba, ta yi magana da mai ɗaukar Disamba wadda dama kuɗin tafiya gida na bazara take tarawa, suka yi musaya.

Dala 5,000 ta ranto daga asusun fanshonta na 401(k). Doka ta yarda mutum ya ranci har rabin abin da ya mallaka a ciki in bai wuce 50,000 ba, a biya cikin shekara biyar, ba a duba tarihin bashinka, kuma ƙarin da ake ɗorawa cikin asusunka yake komawa ba aljihun banki ba. Wannan ne ya sa maigidan ya yarda bayan ya yi shawara da malaminsu. Ta zaɓi shekara uku, ana cire mata kusan dala 160 a wata. Haɗarinsa shi ne in ta bar aikin kafin ta gama, sauran zai zama dole ta cike shi cikin ƙanƙanin lokaci ko a lissafa shi a matsayin kuɗin da ta cire, haraji da tara su hau kai.

Sauran 3,400, ta sayar da sarƙar gwal da awarwaro biyu na lefenta aka ba ta 2,400, maigidan ya kawo 1,000 daga ajiyarsa. Sarƙar ce kawai ta yi wa kuka.

Janairu zuwa Afrilu 2024: aikin da abin da ya biyo baya

Sati biyu kafin aiki abinci mai ruwa-ruwa kawai ta sha don hanta ta rage girma, ta shiga da kilo 112. An yi tiyatar ranar 16 ga Janairu, kwana ɗaya ta yi aka sallame ta. Ta ɗauki hutun sati uku ƙarƙashin dokar FMLA ta 1993, wadda ke riƙe wa mutum aikinsa har sati 12 amma ba ta tilasta a biya shi albashi ba, sati ɗaya ta cike da ranakun hutunta, biyu suka tafi ba albashi, wajen dala 1,500 da ba su sa a lissafi ba. Ga bitamin na musamman da garin furotin, kusan dala 70 a wata, shi ma ba a lissafa ba.

Azumi ya kama 11 ga Maris, sati takwas bayan aiki. Likitan ya faɗa mata tun kafin tiyata cewa na bana ba nata ba ne, tumbin bai fi ɗaukar 'yan kurɓi a lokaci ɗaya ba, dole ta yini tana kurɓar ruwa, tsakanin magariba da asuba ba za ta iya shan abin da jiki ke bukata ba. Ta ce to. Amma yara suna yi, maigida yana yi, kuma ba kowa ya san an yi mata aiki ba, sai ta ɗauka. Rana ta biyu da la'asar jiri ya kwashe ta a kicin, aka kai ta imajansi, aka ƙara mata ruwa leda biyu, aka yi hoton ciki don a tabbatar ba yoyo, ta kwana ɗaya.

Bil ya zo dala 6,300. Inshorar wurin aiki ta ƙi biya, ta kawo layin nan na matsalar da ta biyo bayan tiyatar. Aka tura wa 'yar inshorar kwana 90, ranar ta 56 ce, ƙarancin ruwa yana cikin jerinsu, suka biya bayan wata biyu da ɗan kai-komon takardu. Ba ta sake ɗaukar azumi ba a shekarar.

Janairu 2025: inda aka tsaya

Shekara ɗaya cif nauyinta kilo 86, BMI 32 da 'yan kai. A1c 6.1, an tsayar da Ozempic, ƙwayar maganin suga ta metformin kaɗai take sha. Maganin hawan jini ya koma ɗaya. CPAP tana nan amma an rage mata ƙarfi. Ta koma sallah a ƙasa tun watan Yuni. A ɗaya ɓangaren gashinta ya zube sosai tsakanin wata na uku da na shida kafin ya fara dawowa, kuma ta samu ƙwannafi wanda da ba ta da shi, abu ne sananne ga masu silib, kullum sai ta sha magani, yaji da man ja sun zama sai ɗanɗane.

Adashe ya ƙare a Yuni 2024, FSA ya ƙare a Disamba, bashin fansho sai farkon 2027. Sun sa rai da rangwamen haraji don dokar Amurka tana ba da dama a cire kuɗin asibiti da ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin shiga, amma sai in mutum ya zaɓi lissafa abubuwansa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin shigarsu wajen 78,000 ne, kashi 7.5 ɗinsa 5,850, in aka cire daga 14,400 da suka biya ba ta FSA ba saura 8,550, alhali rangwamen da ake ba ma'aurata kai tsaye a 2024 dala 29,200 ne. Mai yi musu haraji ya ce ku bar shi kawai.

Abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

A ganina shekara ɗaya cur ta tafi a banza, daga Maris 2022 zuwa Maris 2023, kuma ba don ta yi sakaci da jikinta ba, don ba wanda ya buɗe kundin tsarin ya duba jerin abubuwan da aka cire, aikin minti goma. Laifin ofishin likitan ya fi nata, su suke wannan sana'ar kullum, bai kamata su sa mutum a layin wata shida ba su tabbatar ba. Ɗaukaka ƙarar kuma tun farko ba ta da inda za ta, hujjar likita komai ƙarfinta tana amfani ne inda ake gardamar lalura. Wasiƙar da ta rubuta wa ofishin ma'aikata ita ce ta je wurin masu iko na gaske, amma murya ɗaya ce a cikin dubbai, da ta samu ko mutum ashirin sun sa hannu tare da ita kafin kwamitin ya zauna da maganar ta fi nauyi.

Ƙin zuwa Meksiko ba zan ce daidai ne ga kowa ba. Wanda ba shi da matsalar numfashi, ya samu likitan da zai bi shi in ya dawo, kuma inshorarsa ba ta cire matsalolin bayan aiki ba, lissafinsa daban ne, bambancin dala 11,000 ba wasa ba ne. Ita abubuwan nan uku duk sun taru a kanta.

Abin da ya fi yi mata amfani shi ne neman farashi a rubuce daga wuri fiye da ɗaya, tazarar 27,000 da 16,400 a gari ɗaya a kan aiki ɗaya ta fi duk abin da adashe da gwal suka kawo in an haɗa. Sai jinkirta aikin zuwa Janairu, da dala 1,200 ɗin da ƙawarta ta kira asara wadda ta tare bil ɗin 6,300, duk da cewa wannan bil ɗin ita ta jawo shi da azumin da aka hana ta. Rancen fansho shi ne ɓangaren da na fi shakka, don ya ɗaure ta a wurin aikin da ya ƙi biya mata tiyatar har 2027, kuma kariyar kwana 90 ta ƙare tun Afrilu 2024 alhali layin nan yana nan a kundin. Likitan ya gaya mata masu saurin ramewa suna yawan samun tsakuwa a matsarmama, ga ƙwannafin da in ya ƙi jin magani wasu sai an sake musu wata tiyatar, don haka tun da adashen ya ƙare ta buɗe akawun daban tana zuba dala 200 duk wata, ta kuma sake shiga sabon zagaye, wannan karon ta ce a bar mata ɗaukar ƙarshe.